Ramin waya a jikin gawwasar Mu'allim

Asubar Asabar ɗin da ta wuce, ana idar da sallah, na fito daga ɗakina a Sharafiyya da jakar kayan aiki a kafaɗa, zuciyata cike da zargi. Masu bibiyata sun san aikin wutar lantarki nake yi, shekarata shida ke nan a Jidda a kan kwantiragi, kuma sun san ba na yarda da waya sai na ɗora mata mita. Garin nan ne ya ƙara lalata ni. Tsofaffin gidajen Jidda wuta biyu gare su, ƙarama da babba, soket ɗin kuma sau da yawa kamarsu ɗaya. Makon da na sauka na ƙona wa yayata dutsen guga da tukunyar shayi a rana guda, har ta bi gidan da jan farce tana ɗiga wa kowane soket na babbar wuta. Tun lokacin, in abu biyu suka yi kama da juna sai hankalina ya ƙi kwanciya.

Tafiyar ba tawa ba ce, ta mijin yayar tawa ce, wanda kowa a unguwar Khumra ke kira Mu'allim. Bahaushen Sudan ne haifaffen Jidda, mai walda, ya fi shekara talatin yana ƙera tankunan ruwa. Ban san ranar da ya kalli tanki ya ga ya dace mutum ya shiga ciki ya rufe kansa ba. Shekara huɗu ya yi yana haɗa ɗan ƙaramin jirgi mai nutsewa ƙarƙashin ruwa, na mutum ɗaya, wanda a nan ake kira gawwasa. Ranar ce zai fara shiga teku da ita.

Na biya ta gidansu a Kurayyat. Yayata ta miƙa wa mijinta filas ɗin shayi tana murmushi, ni kuma ta ja ni kicin, murmushin ya ɓace.

"Kai ne ka yi boko a cikinsu," in ji ta. "Kada ka bar baban yara ya rufe murfin nan sai ka duba kowace waya da idonka. In wani abu bai kwanta maka ba, ka hana shi, ko zai yi wata bai yi maka magana ba."

Na ce, "To, Yaya." Ban gaya mata cewa babu abin da ya kwanta mini tun farko ba.

Bari in yi bayanin abin da ya shigar da ni cikin maganar. Batir da maɓallai a cikin jirgin suke, farfela da fitila kuma a waje cikin ruwa. Dole ke nan waya ta ratsa jikin ƙarfen, kuma duk inda ka huda wa waya rami, ka nuna wa teku hanya. Abin da ake sa wa a ramin shi muke kira mahaɗi: dunƙulen ƙarfe ne da ake murɗa shi ya toshe ramin, da zoben roba a wuyansa, ƙafafu huɗu na tagulla sun ratsa shi daga ciki zuwa waje, an cike tsakaninsu da danko mai tauri. Wuta ta wuce, ruwa ya tsaya. Masu wannan sha'awar a yankin nan su huɗu ne, kuma da kowa nasa mahaɗin yake yi yadda ya ga dama, fitilar wannan ba ta shiga jirgin wancan. Bara suka ce a daidaita, a yi abu ɗaya. Da yake ni ne mai takardar shaida, ni na zana musu: da'ira, tsagi a sama, ƙafafu huɗu a jere kamar tafiyar agogo. Ta ɗaya da ta biyu jar waya, ta uku da ta huɗu baƙa. Shafi ɗaya tak, kowa ya karɓi nasa. Har cikin raina na ji daɗin zanen nan, na ajiye shi a waya ina nuna wa mutane.

Kwana uku kafin tafiyar, farfelar Mu'allim ta hawa da sauka ta sha ruwa ta mutu. Abokinsa, wani Bahijaze, Balaraben yankin nan, da ya yi ritaya daga aikin manyan jirage, wanda muke kira Kaftin, ya ciro tasa daga tasa gawwasar ya ba shi aro. Wannan ne karo na farko da kayan wani zai hau jirgin wani. Su murna suke yi, ni kuwa a nan zargina ya ƙaru.

Mun shiga Khumra rana ba ta gama fitowa ba. Wanda bai san unguwar ba, dogayen sito ne jere da juna, da tireloli da ke kwana a bakin titi, da leburori cikin rigunan aiki suna jiran motar kamfani. Warin gas da na ƙarfe ya haɗu da na teku, ga danshi da ke manne wa mutum riga tun ƙarfe shida. Mun tsaya wurin mai wake da gurasa. Tamis ɗin nan, gurasa mai zafi da ake cirowa daga tanderu, har yanzu riyal ɗaya zuwa biyu ne, ful kuma, wato waken, da man zaitun da barkono ya fi ƙarfin mutum biyu. Na ci, amma idona na kan shagon da ke tsallaken titi.

Shagon kharrat ne, wato mai sassaƙa ƙarfe da inji, kuma shi ya ƙera duk mahaɗan. Tsoho ne siriri, Bahaushe wanda kakanninsa suka zo aikin hajji a ƙafa ba su koma ba. Hausarsa rabi Larabci ce. Ni da shi ba ma shiri, kuma laifin ba nasa kaɗai ba ne. Lokacin da na kai masa zanen ya ce zai buga lamba a gindin kowace ƙafa, ciki da waje. Na ce a'a. A ganina so yake ya sa tambarinsa, gobe a ce abin nasa ne, kowa sai ya bi ta shagonsa. Na fake da cewa bugun zai iya tsaga dankon. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ala kefak, ya muhandis, yadda ka so, injiniya." Tun ranar nake jiran in kama shi da wani abu.

Don haka na ce ba za mu tashi ba sai an sake gwada mahaɗi ɗaya daga cikin waɗanda aka yi tare da na jirgin. Yana da wani guntun bututu mai kauri da famfon hannu. Ya ɗaura mahaɗin, ya cika bututun da ruwa, ya buga famfo har allurar ta wuce zurfin da Mu'allim zai taɓa kaiwa. Na sa takardar goge hannu a ƙarƙashi na tsaya a kai minti ashirin ina kallon agogo. Ko ɗigo. Na ciro zoben robar na ja shi, na shinshina, don na ji ana sayar da na famfon banɗaki a ce na teku ne. Lafiyarsa lau. Tsohon sai ya zuba mini shayi da na'ana'a, wanda hakan ya fi ba ni haushi.

Kaftin ya iso da motarsa mai jan tirela, muka ɗora gawwasar. Launin rawaya aka yi mata, da 'yar hasumiya mai murfi da tagogi uku masu kaurin tafin hannu. Duk inda ka tsaya ka kalle ta, tankin ruwa ce da ta sami ɗaukaka. Kharrat ya kulle shago ya ce zai bi mu. Na ce a raina, zai je ne ya ga ko asirinsa zai tonu.

Hanyar kudu miƙaƙƙiya ce kamar an ja ta da igiya. Da an bar sitocin Khumra sai fili fari fat na gishiri, ba itace ba inuwa, sai manyan turakun wuta da ke tafiya da kai har ka gaji. Nan da can raƙuma a bayan shingen waya, da rumfunan masu sayar da kankana da zuma. Teku na hannun dama, yana leƙowa yana ɓuya. Mu'allim sai labari yake ba mu na kifayen da zai gani, rabi Hausa rabi Larabci, ni kuma ina juyawa ina kallon tirela ko wata waya ta saki.

A shingen bincike ne na fi jin jiki. Iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta ce ni mai aikin wuta ne a kamfanin gine-gine, ba ta ce komai a kan jirgin nutso ba, kuma na riga na hango kaina ina yi wa kafili, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, bayani. Na daɗe ina zargin takardar izinin da Kaftin ke cewa yana da ita. Jami'in ya zagaya tirela ya tambaya ko tankin ruwa ne. Mu'allim ya ce gawwasa ce. Mutumin ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, sai ya nemi takardu. Kaftin ya ciro fayil mai kauri, komai da hatiminsa, har da sunana a jerin masu rakiya. Aka ce mu wuce, Allah ya kiyaye. Zargi na biyu ke nan da ya tashi a banza, tun ba a yi walaha ba.

Inda muka sauka wani ɗan wurin gyaran kwale-kwale ne a bakin gaɓa, da rumfar kwano, da kiren ɗaya na ɗaga jirage, da wani tafki da aka gina wa bango wanda zurfinsa ya kai tsayin mutum biyar. Masunta na gyaran koma a inuwa, kuliyoyi sun fi su yawa. Daga nan kana hango inda ruwan ke sauya launi daga kore zuwa shuɗi mai duhu. A wurin ne dutsen murjani ya ƙare, ƙasa ta yanke ta yi ƙasa, zurfin da jirgin Mu'allim ba zai iya ɗauka ba. Shirinsu shi ne a ja gawwasar da kwale-kwale zuwa gefen nan, ya nutsa kaɗan ya yi kallo ya taso.

Na shiga aikina. Fulogin farfelar Kaftin ya shige mahaɗin Mu'allim sumul, tsagi ya hau tsagi, suka tafa suna dariya kamar yara. Na sa mita tsakanin kowace ƙafa da jikin jirgi, babu inda wuta ke zurarewa. Na ja wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na duba ɗauri, na duba batir. Mu'allim ya leƙa ciki ya taɓa maɓalli, farfela ta yi fir ta tsaya, don ba a barinta ta daɗe tana juyawa a busasshe. Kaftin ya ce, "Halas, yalla, an gama, mu tafi," yana nuna sama. Bayan azahar iska ke tashi a gaɓar nan, kuma gwaje-gwajena na Khumra sun riga sun cinye musu safiya.

Ban sami komai ba, amma ban yarda ba. Na ce sai ya fara nutsewa a tafkin, da igiyar kiren a ɗaure. Mu'allim ya ɓata rai.

"Haba ƙanena. Jirgin nan sau uku yana shiga tafkin nan ba kowa a ciki, bai sha ko cokali ba. So kake in yi wanka a baho?"

"Yaya ce ta ce in hana ka in ban gamsu ba. In kana so ka kira ta, ga waya."

Bai kira ta ba. Ya cire agogo ya ba ni, ya yi bisimilla ya shiga, ya ja murfin. Mun ɗaura wayar magana a jikin igiyar, ɗaya kan a hannuna. Kiren ya ɗaga shi ya ajiye a ruwa a hankali. Ya buɗe tankunan nauyi, kumfa ta taso, rawayan bayan jirgin ya shige. A zurfin mutum biyu ya tsaya cak, igiya ta yi sako-sako. Muryarsa ta zo cikin dariya, wai wani kifi ya zo taga yana tambayar iƙamarsa. Na tambaye shi ko akwai danshi a wajen mahaɗan. Ya ce a bushe suke ƙayau. Na ce to ya taso da farfela.

Na ga ruwan saman ya motsa, sai rawayan ya fara dusashewa maimakon ya ƙara haske. Igiyar da ke sako-sako ta miƙe, ta yi ƙara a bakin kiren.

"Ina danna sama," in ji shi. Babu sauran dariya a muryar. "Ina danna sama, yana tafiya ƙasa."

Yana da kwalbar iska da zai hura wa tankunan ya taso, ya sani sarai. Amma mutum in ya tsorata, abin da ke hannunsa yake ƙara dannawa. Ina jin kukan injin ta cikin wayar yana ƙaruwa. Ni da aka aiko in tsare shi, sai na tsaya riƙe da wayar. Fuskar yayata kawai nake gani a kicin. Kharrat ne ya fizge wayar daga hannuna ya ce da ƙarfi, "Sib al-muftah! Saki maɓallin, Mu'allim, ɗauke hannunka." Kukan ya tsaya. Ya ɗaga wa direban kiren hannu, igiya ta fara hawa.

Da aka buɗe murfin Mu'allim ya fito jiƙe sharkaf, kuma ba ruwan teku ba ne. Ya zauna a bakin tafkin ya daɗe yana kallon wurin da ruwa ya yi shuɗi. Kowa ya san can babu igiya.

Daga nan rigima ta tashi. Kaftin ya rantse farfelarsa wata shida tana aiki daidai a jirginsa, kuma bisa takarda ya ɗaura ta. Mu'allim ya rantse shi ma takarda ya bi, ƙafa bayan ƙafa. Ni kuwa sai na juya kan tsohon. Na ce ƙafafun ne aka karkata a cikin danko, na faɗi tun farko aikin nan sai an sa masa ido. Na faɗi haka a gaban masunta, kuma da murya sama.

Tsohon ya juya ga sauran biyun. Ya tambayi Kaftin a ina ya tsaya lokacin da yake ƙirga ƙafafun. Kaftin ya ce a waje mana, a gaban jirgi, inda ake cusa fulogi. Ya tambayi Mu'allim. Mu'allim ya ce yana kwance a ciki, ta ina kuma mutum zai ɗaura waya? Tsohon ya zaro zanena daga aljihu, duk ya sha maiƙo. Ya ɗaga shi sama ya nuna mini: ɗaya, biyu, uku, huɗu, kamar tafiyar agogo. Sai ya juya bayan takardar ga fuskata, rana na haskowa ta cikinta. Lambobin suna nan, amma sun koma tafiyar hagu. Inda jar waya take, baƙa ta koma.

"Ya waladi, ɗana," in ji shi, "ba ka rubuta daga ina ake kallo ba."

Kowannensu ya bi takardata daidai. Mu'allim ya ƙirga daga ciki, Kaftin daga waje, kuma da yake kowa da kayansa yake aiki, babu wanda ya gane. Da aka haɗa na wannan da na wancan sai wuta ta shiga farfela a juye, sama ta zama ƙasa. Lambobin da tsohon ya so bugawa ciki da waje, da na bar shi, da ko makaho ya shafa ya ɗaura daidai. Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba tun da na fara riƙe filaya. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce Allah ya yafe mana duka, ya tambaya ko ina da biro.

A kan murfin akwatin kayan aiki na gyara zanen. Na rubuta da manyan baƙaƙe, Hausa da Larabci, cewa ana kallo ne daga waje, ɓangaren ruwa, na kuma zana na ciki a gefensa. Muka ƙara doka ɗaya: duk kayan da aka ara, sai an gwada shi a tafki da igiya. Na sauya wayoyin Mu'allim da hannuna, ya sake shiga, wanda na jinjina masa a kai, don ni ko an haɗa ni da Allah ba zan koma ba. Wannan karon da ya danna sama, sama ya zo. Kafin nan iska ta riga ta tashi, teku ya fara fari, zuwa bakin murjani ya faskara. Kaftin bai yi ƙorafi ba.

Mun ci abincin rana a wata rumfa ta masunta, shinkafa ja da aka dafa da soyayyar albasa, da kifi da aka ciro da safe, da miyar tsamiya. Ka zaɓi kifinka a kan ƙanƙara, a auna, a soya maka. Ya fi na cikin gari araha nesa ba kusa ba, sai dai ƙudajen wurin ma sun san da haka. Kharrat ya ɓare tsokar wajen ciki ya tura gabana. A hanyar dawowa ni na zauna kusa da shi, muka yi maganar girman lambar da zai buga da inda za ta zauna ba tare da ta taɓa dankon ba. Ashe tun bara ya yanka ƙarafan bugun ya ajiye a aljihun tebur.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba daɗi gare shi ba. Na fita ina zargin roba, da takardar izini, da tsohon da bai taɓa cutata ba. Abu ɗaya ne ban ɗora wa mita ba, shi ne wanda ya fito daga hannuna. Ba na cewa zargi banza ne, don shi ya ɗaura igiyar nan. Amma masu aikin hannu da ke karanta ni, in kun zana wa wani abu, ku tuna ba a inda kuka tsaya zai tsaya ba.

Mun shiga Kurayyat ana kiran magariba. Yayata na bakin ƙofa, ta dubi mijinta daga sama har ƙasa, ta ga ƙafa biyu hannu biyu, sannan ta juyo kaina.

"To, ka sami abin da bai kwanta maka ba?"

"Na samu, Yaya."

"Aikin wane ne?"

Mu'allim ya buɗe baki zai rufa mini asiri, na riga shi. Na ce nawa ne, na ba ta labarin duka a tsaye, har da igiyar da ta miƙe. Sai ta shiga ɗaki ta fito da 'yar kwalbar jan farcen nan, ta kama hannuna ta sa mini a tafi ta rufe.

"Kafin tsohon ya gama buga lambobinsa," in ji ta, "ka je ka ɗiga wa kowace jar ƙafa, ciki da waje."

Washegari da safe na koma Khumra da kwalbar a aljihu.